Murya daga Birnin Kebbi: amsar Yaya kan cakulan ɗin walima

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata, na ji saƙonki tun ɗazu, ina wurin girki ne. Kin ce kin sayo katan ɗin cakulan don walimar saukar yaronki, kin buɗe guda kin tarad da farin abu ya lulluɓe shi, kina tambaya ko ya lalace, kuma wane iri ya fi daɗi. To ni dai abin da na ji kina tambaya shi ne: an cuce ni ko ba a cuce ni ba? Bari in amsa miki wannan.

Farin nan ba ruɓewa ba ne. Mai ne. Cakulan na gaske da man koko ake yin shi, kuma man nan yana narkewa da zarar zafi ya kai wajen digiri 34, shi ya sa da kin sa shi a baki yake bin harshe. To ke ki duba garinmu. Watan Maris da Afrilu muna haura digiri 40 a Birnin Kebbi, ko cikin inuwa kike. Kayan nan ya kwana cikin mota, ya narke, anka sa shi firij ya daskare, wuta ta ɗauke ya sake narkewa. Man ya taso sama ya bushe, shi ne farin da kike gani. Ana ci, ba ya kashe kowa, sai dai santsin ya tafi, ki ji shi yana gari-gari a baki. In ranar da anka rubuta a bayan ledar ba ta wuce ba, kuma ba ya warin tsohon mai, lafiyarsa lau. Amma cuta? E, an ɗan cuce ki, tunda kuɗin sabo kika biya.

Kuma don Allah ku riƙa juya leda kuna karantawa. Ku duba kwanan wata, ku duba lambar NAFDAC, ku shafa wurin da anka buga kwanan watan ku ji ko an kankare an sake bugawa. Kayan da ke shigowa ta wajen Kamba, can bakin iyaka, ba duka ne marasa kyau ba, akwai masu kyau ƙwarai, amma ba ki san watanni nawa sunka yi a sito ba. Sannan ki duba jerin kayan haɗi. Waɗanga masu araha da yara ke saye a shagon unguwa, yawancinsu ba man koko ba ne a ciki, man alayyadi ne da garin koko da sukari. Alamarsa ita ce ki gama ci ki ji maiƙo ya manne miki a dasashi ya ƙi tafiya. Ba na zagin shi fa. A'a, tsaya ma, don walimarki shi ne zai fi jure zafi, wanga ita ce gaskiya.

Don ni na gani da idona. Bikin ɗiyar Yaya babba, kuna dai tune. Anka ce a sa cakulan mai tsada cikin jakunkunan rabo, irin na waje mai takardar gwal, wai don dangin ango su san gidan da sunka shigo. Na ce kada a yi, watan huɗu ne. Anka ce ni ce ban waye ba. To. Anka jera jakunkuna tun safe ƙarƙashin rumfar kwano, kowace da ɗankwali sabo a ciki da turare da cakulan biyu. Kafin la'asar? Wata dattijuwa cikin dangin ango ta zura hannu jakarta, ta fito da yatsu biyar baƙi ƙirin, ta tsaya tana kallonsu tana salati, ɗankwalin kuwa ya sha ya ƙoshi. Kuma wa anka ce ya yi sakaci? Ni. Wai ni ce mai kula da kaya, mi ya hana in sa ƙanƙara. Ƙanƙara a ina? Ranar nan ko ta sanyaya zoɓo da ƙyar munka samu, sai da anka aika yaro har wajen tasha. Har yau akwai wadda in mun haɗu wurin suna sai ta ce “Hajiya mai cakulan”. Ni ban manta ba, kuma wadda ta kawo shawarar tana cikin gidan nan tana saurare, ba zan kira suna ba. Allah dai ya bar zumunci.

Ina nike ma? Tsada. Inna ta ce 'yan kanti ne ke zalunci. Inna, da zaluncin da kuma gaskiyarsu. Koko ɗin kansa ya yi tashin da ba a taɓa gani ba: a 2024 tan guda ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, alhali farkon 2023 bai kai dala 3,000 ba. Gana da Kwaddibuwa su ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, sai cutar itace da rikicewar damina sunka taɓa gonakinsu lokaci guda. Ga kuma naira da ta faɗi tun tsakiyar 2023. Abin haushin, mu ma muna noma shi, Ondo da Kuros Riba da Osun, har bene ne da sunansa a Ibadan tun 1965. Mu sayar da ƙwaya, su sarrafa a Turai, su maido mana cikin leda mai ƙyalli mu saya da dala. Wagga magana in na kama ta sai magariba, a bar ta.

Batun wane ya fi daɗi kuwa, baki-baki ne. Yara mai madara suke so, Dairy Milk ko Galaxy, ko Kit Kat mai biskit a ciki. Bounty kwakwa ce a ciki, wasu yaran tofarwa suke. Snickers gyaɗa ce, ki kula in akwai yaron da gyaɗa ke tayar wa ƙaiƙayi. Baƙin cakulan ɗin nan da ake rubuta koko kashi 70 a jikinsa, kada ki kai wa yaro, asarar kuɗi ce. Yana da ɗaci awa goro, kuma ai dangi guda ne da goro a wajen masana itatuwa, har abin hana barcin suna da shi dukansu. Baba shi yake so, ya ɓalla ɗan ƙarami ya bar shi ya narke, da shayi ba sukari. Ni kuwa nawa shi ne dabinon nan da alhazai ke kawowa tsaraba, wanda anka cire ƙwallon anka tsoma cikin cakulan. Shi ma in ya kwana biyu a ɗakinmu sai ya zama dunƙule guda.

To ga abin da za ki yi. Wanda kika riga kika saya kada ki zubar, ki narka shi a kwano bisa ruwan zafi, kada ruwa ya ɗiga ciki ko kaɗan don zai cure, ki zuba kan kek ko ki tsoma cincin. Na rabo kuma ki sayi Choco Milo ko alawar madara mai cakulan a tsakiya, su ba ruwansu da rana. In kin nace sai na sanda, ki je babban kanti mai na'urar sanyi da dare, ki latsa ledar ki ji da tauri, ki saya ana gobe walima. In za ki sa firij ki rufe cikin roba mai murfi, don yana jan wari, kada yaran mutane su ci cakulan mai ƙamshin daddawa da kifin Yawuri. Kuma cikin kula za ki kawo shi, a miƙa wa yaro hannu da hannu, kada a sa cikin jaka.

Nawa ma kika sayi katan ɗin? Turo mini hoton bayan ledar in gani.