Tambaya da Amsa: Wai da gaske kiɗa na canza ɗanɗanon wuskin single malt?

Tambaya: Yaya barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Gilasgo, da yamma ina ɗan taɓa aiki a wani otal. Manajanmu ya ce wata mai zuwa za a yi daren wuski da kiɗa, kwalabe huɗu na single malt kowacce da nata kiɗan, kuma wai ni zan jera kiɗan tunda kullum yana ganina da abu a kunne. Ni kuwa ba na sha, ban ma san bambancin single malt da sauran ba. Da gaske kiɗa na canza ɗanɗano ko dai dabarar tatsar baƙi ce kawai?

Amsa: Ƙanena sannu da fama da sanyi. Duka biyun ne, akwai gaskiya a ciki akwai kuma talla, amma bari mu fara da abin da ke cikin kwalbar tukuna don kar baƙo ya tambaye ka ka tsaya kana sosa ƙeya.

A Sikotilan wannan suna doka ce ta tsare shi, dokar 2009. Kafin a rubuta single malt a jikin kwalba sai an yi shi da tsiron sha'ir zalla da ruwa, a masana'anta guda ɗaya, an tace shi ta tururi a manyan tukwanen jan ƙarfe, sannan ya kwanta a gangar katakon oak aƙalla shekara 3 a cikin ƙasar, ƙarfinsa kuma kar ya gaza kashi 40 cikin 100. Tsiron nan dai irin wanda ka sani ne a gida, a jiƙa hatsi har ya fito da baki sannan a busar. Kalmar single ɗin masana'antar take nufi, ba ganga ɗaya ba, nan mutane da yawa ke ruɗewa. In ka ga 12 a kwalba to shekarun mafi ƙuruciyar abin da aka zuba a ciki ke nan, ana iya samun wanda ya girme shi. Wanda aka haɗo daga masana'antu daban-daban da wuskin wasu hatsi, irin su Johnnie Walker, shi ake ce wa blended.

To tunda ba ka sha, hancinka ne jarinka, kuma dama yawancin abin da mutane ke kira ɗanɗano ƙamshi ne. Buɗe kwalbar Laphroaig ko Lagavulin ko Ardbeg ka ɗan shinshina daga nesa, kar ka cusa hanci zai yi maka zafi. Hayaƙi za ka ji kamar ka bi ta layin masu bandar kifi da safe, da wani wari-wari na ɗakin magani a asibiti. Waɗannan duk daga tsibirin Islay suke, kuma Aila ake faɗa, ka kiyaye don 'yan ƙasar ba sa barin wannan ya wuce. Hayaƙin daga peat yake, wata baƙar ƙasa ce ta ruɓaɓɓun ciyayi da ta taru shekaru dubbai a fadama, a yanko ta kamar tubali a shanya a ƙona a busar da tsiron da ita. Sai ka koma kan na yankin Speyside, su Glenfiddich da Glenlivet, za ka ji abu mai sauƙi kamar tuffa da zuma. Macallan kuma da ire-irensa da suka kwana a gangar da aka taɓa zuba sherry, wata giyar inabi ta Sifaniya, ƙamshin busasshen inabi da dabino da kayan yaji suke yi. Gangar da ta fito daga Amurka, wadda aka yi bourbon, wato wuskinsu na can, a ciki, ita ke ba da ƙamshin banila. Ganga ce ke yin rabin aikin, kuma ganga ta katako nake nufi ba ta makaɗa ba, duk da dai a darenku duka biyun za su yi aiki.

Yanzu kiɗan. Akwai wani farfesa a Jami'ar Oxford, Charles Spence, da ya daɗe yana bincike kan yadda ji da gani ke shiga harkar ɗanɗano. Abin da shi da abokan aikinsa suka yi ta samu shi ne mutane na danganta siririn sauti mai tashi sama, irin na ƙararrawa ko saman fiyano, da zaƙi ko tsami, sauti mai kauri na ƙasa kuma da ɗaci. A 2013 a Landan sun gwada da wuskin Singleton, mutum ya riƙe kofi ɗaya ya bi ɗakuna uku da shi, ɗaya kore da ciyawa da sautin waje, ɗaya ja da siririn sauti, na ukun katako da ƙarar wuta tana ci. Abu ɗaya ne a kofin amma a kowane ɗaki bayaninsu ya karkata wajen ɗakin. Sai dai ka lura ba kiɗa kaɗai aka canza ba, har da fitila da ƙamshin ɗakin, kuma da hannun kamfanin giyar aka shirya abin, don haka ni ba na yarda in wani ya ce min waƙa kaza ce ta dace da kwalba kaza kamar an saukar. Kiɗan ba ya taɓa abin da ke kofi, hankalin mai sha yake ja zuwa wani ɓangare na abin da dama yana nan.

Wanda na fi tabbata da shi a aikace shi ne ƙarfin sauti. Hayaniya mai yawa na dakushe jin zaƙi da gishiri, tana cikin dalilan da ke sa abincin jirgin sama yin lami, sannan in kiɗa ya yi ƙarfi mutane sun daina hira sai kurɓa, su shanye da sauri. Na taɓa ganin an lalata irin wannan dare da mai busa bagpipe a ƙaramin ɗaki, abin nan nasu mai kama da algaita, to ka ƙaddara algaita a cikin ɗaki an rufe ƙofa. Kowa ya shanye nasa cikin minti biyu don ya samu ya fita. Bagpipe kayan fili ne. In mutum biyu a teburi sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, rage.

Da ni ne kai, zan jera daga mai sauƙi zuwa mai hayaƙi, don in na Aila ya riga shiga baki sauran duk sun mutu. Na Speyside mai sauƙin nan ka ba shi fiyano ko jita mara nauyi. Mai gangar sherry ya fi son abu mai ɗumi a hankali, jazz mai saksofon ko cello, abin nan mai kama da ƙaton goge. Na Aila ka nemo mai kauri, blues ko wani abu da bes ya yi yawa, ko tsohuwar waƙar Gaelic, harshen gargajiyar tsibirin, ta murya zalla, wanda ma ya fi dacewa da tarihin wurin tunda a tsibirin duk ƙarshen watan Mayu ana bikin Fèis Ìle, kiɗa da wuski a haɗe. Ka guji waƙar da kowa ya haddace, za su bi waƙar su manta da kofi.

Kowace kwalba ka ba ta kamar minti goma sha biyar, ka bar ɗan shiru a tsakani, a ajiye tulun ruwa a kowane teburi don wasu na ɗiga kaɗan ya buɗe ƙamshin, kuma awon kar ya wuce mililita 25. Sannan ka roƙi manajan ku yi wasa ɗaya, a kwalba ta uku a sa kiɗa mai siririn sauti su kurɓa, a canza zuwa mai kauri su sake kurɓa daga kofin nan dai, kai kuma ka tsaya gefe ka ji gardamar da za ta tashi.