Tambaya da Amsa: Idan Wurin Aiki Ya Zama Abin Gudu

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata huɗu ina aiki a wani kamfani, kuma ba ni da ƙorafi a kan albashina, domin yana biya mini buƙata. Damuwata ita ce shugaban sashenmu. Idan mutum ya yi kuskure, sai ya bari ranar Litinin ya karanto shi a gaban kowa a wurin taro, har da kiran suna. Yana aiko da saƙon aiki ƙarfe 11 na dare, kuma idan ba ka amsa ba ka shiga uku da safe. Yana da 'yan gaban goshi guda biyu masu kai masa tsegumi, su ne kuma ake yi wa ƙarin girma. Wata abokiyar aikina ta taɓa cewa a taro aiki ya yi mana yawa, tun daga ranar ya sa mata ido har ta ajiye aiki. A cikin shekara guda mutum shida cikin mu 11 sun tafi. Yanzu da zarar yammacin Lahadi ta yi sai gabana ya fara faɗuwa. A gida ana ce mini in yi haƙuri, aiki ya yi wuya. Shin ni ce ba ni da juriya, ko kuwa in ajiye aikin? Daga wata ma'aikaciya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da tambayarki ta farko, domin na lura ita ce ta fi ci miki rai. Ruwa ba ya tsami banza. Da ke kaɗai ce kike kuka, da sai mu tsaya mu duba halinki da juriyarki, amma wurin da mutum shida cikin 11 suka bari a shekara guda ya riga ya ba da shaida a kan kansa, kuma bai kamata ki ɗora wa kanki laifin da ba naki ba.

Abin da kika bayyana masana sun daɗe suna nazarinsa. A shekarar 2021 ma'aikata fiye da miliyan 47 suka ajiye aikinsu da kansu a Amurka, har a watan Nuwamba kaɗai aka samu kusan miliyan 4.5, kuma mutane da yawa suka ɗauka neman ƙarin kuɗi ne ya kore su. Wasu masu bincike, Donald Sull da Charles Sull da Ben Zweig, suka bi diddigin bayanai fiye da miliyan guda da ma'aikata suka rubuta a kan kamfanoninsu a shafin Glassdoor, suka wallafa sakamakon a mujallar MIT Sloan Management Review a farkon 2022. Abin da suka gano shi ne, gurɓacewar mu'amala a wurin aiki ta fi albashi ƙarfin nuna wanda zai tafi har sau goma da ɗoriya. A wani binciken da ya biyo baya, da Donald Sull da Charles Sull da wasu abokan aikinsu suka tsefe abin da ma'aikata ke nufi da gurɓacewa, sai suka tarar da abubuwa biyar: wulaƙanci, nuna wariya, rashin gaskiya a harka, gasar da kowa ke neman kayar da ɗan'uwansa, da kuma cin zarafi. Ki duba wasiƙarki da kyau, za ki ga aƙalla uku daga cikinsu a fili.

Amma a duk abin da kika rubuta, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin abokiyar aikinki. Tsawa da saƙon dare munanan halaye ne, sai dai ana iya gyara su idan akwai wanda zai iya buɗe baki ya ce an yi ba daidai ba. Ranar da aka hukunta wadda ta faɗi gaskiya a bainar jama'a, ranar aka rufe ƙofar gyara, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Daga nan kowa zai koyi yin shiru. Wanda ya ga kuskure a lissafi zai kau da kai, wanda ya yi kuskuren zai ɓoye shi har ya girma, wanda yake da shawara mai amfani zai haɗiye ta, shugaba kuma zai zauna a ofishinsa yana jin daɗin cewa babu mai ƙorafi, alhali babu mai ƙorafin ne saboda kowa ya cire rai.

Wata malama a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta ci karo da wannan a shekarun 1990 lokacin da take nazarin ma'aikatan jinya a asibitoci. Ta yi tsammanin rukunin da ya fi haɗin kai da shugabanci nagari shi zai fi ƙarancin kuskure wajen ba da magani, sai ta tarar a rubuce su ne suka fi yawan kurakurai. Da ta zurfafa bincike sai ta fahimci cewa su ne ba sa tsoron faɗin kuskurensu, sauran kuwa binne nasu suke yi. Taron Litinin da shugabanku yake tona asirin mutane a cikinsa ba ya rage kuskure ko ɗaya, yana koya muku yadda za ku ɓoye shi ne kawai, kuma kamfanin ne zai biya kuɗin wannan ɓoyon wata rana.

Faɗuwar gaban da kike ji yammacin Lahadi kuwa, ina roƙon ki kada ki raina ta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace ƙonewar zuciya saboda aiki, wato abin da ake kira burnout da Turanci, a cikin kundinta na cututtuka, a matsayin yanayin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ta kuma ba shi alamomi uku: gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, jin mutum ya tsani aikinsa ko ya yi nesa da shi a zuci, da raguwar ƙwazo. Haka kuma a 2021 hukumar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Sa'o'in da kike kwance da waya a hannu kina jiran saƙon oga su ma aiki ne, ko da ba a rubuta su a ko'ina ba. Idan barcinki ya lalace, ko kina yawan ciwon kai, ki je ki ga likita a auna jininki, ki kuma gaya masa gaskiyar halin da kike ciki a wurin aiki.

Su kuma na gida da suke ce miki ki yi haƙuri, kada ki ji haushinsu. Suna tsoron ki saki reshe ki kama ganye, kuma tsoron nasu yana kan hanya, domin zaman rashin aiki ma yana da nasa ciwon. Sai dai ina ganin akwai haƙuri iri biyu. Akwai haƙurin mai jiran abin da yake da alamar zuwa, akwai kuma haƙurin da ba ya ƙara wa mai zalunci komai sai ƙarfin gwiwa. Abin da ya kamata ki yi shi ne ki gwada ki gane wanne ne naki, kuma ana gane shi ta hanyar gwaji guda.

Ki fara rubuta abin da ke faruwa a wani littafi naki na kanki, da rana da lokaci da abin da aka faɗa da waɗanda suke wurin, ki kuma adana saƙonnin dare. Bayan makonni kaɗan ki ɗauki abu ɗaya ko biyu da kike da hujjarsu, ki kai wa sashen kula da ma'aikata ko wanda yake sama da shugabanku, a rubuce, cikin ladabi, ba tare da zagi ko ƙarin gishiri ba. Idan akwai wata ko wani da zai sa hannu tare da ke, ya fi ƙarfi, haka ma idan kuna da ƙungiyar ma'aikata. Ki sani kuma cewa ba alfarma kike roƙo ba: a 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190, wadda ta tabbatar da haƙƙin kowane ma'aikaci na yin aiki ba tare da cin zarafi ko tsangwama ba, kuma ta haɗa da cutarwar da ke taɓa zuciya, ba ta jiki kaɗai ba. Ƙasashe sun bambanta wajen sanya ta cikin dokokinsu, don haka ki nemi sanin dokar ƙwadago ta inda kike.

Daga nan sai ki zuba ido. Idan aka saurare ki, aka bincika, aka ga wani sauyi ko da kaɗan ne, to matsalar ta mutum ɗaya ce, kuma zaman yana da ma'ana. Idan kuwa kafin ki koma kujerarki labari ya riga ya isa kunnen shugabanku, ko aka ce miki ai haka halinsa yake amma yana kawo wa kamfani riba, to kin samu amsarki: ba shi kaɗai ba ne, gidan ne ya yarda da hakan. A wannan halin shawarata ita ce ki tafi, amma ki tafi da shiri. Ki fara neman wani aiki tun kina kan wannan, ki tara abin da zai riƙe ki na wasu watanni, ki karanta takardar ɗaukarki aiki ki ga wa'adin sanarwar da aka gindaya da haƙƙoƙin da za ki karɓa, sannan ki rubuta takardar ajiye aiki gajeriya wadda babu ɗaci a cikinta. In kuma lafiyarki ta fara taɓuwa sosai, ko aka kai ga barazana ko neman lalata, kada ki jira shirin ya kammala. A wurin da za ki nema nan gaba, ki tambayi masu ganawa da ke me ya sa wanda yake kan kujerar ya bar ta, kuma mutum nawa suka riƙe ta a shekaru uku da suka wuce. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri.

TAMBAYA: Malam, ina da ƙaramin kamfani mai ma'aikata kusan 30. Sau biyu ina ƙara albashi a shekaru biyu, amma ƙwararrun cikinsu sai tafiya suke yi, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce ya samu wani wuri ne kawai. Mene ne ban gani ba? Daga wani mai kamfani.

AMSA: Alhaji, na yaba da ka tambaya, domin da yawa a matsayinka sai su ce ma'aikatan yanzu ba su da godiya, su rufe maganar. Ka lura da cewa ƙwararru ne suke tafiya, kuma haka abin yake a ko'ina: su ne suke da inda za su je, shi ya sa su ke fara fita, a bar ka da waɗanda suka zauna don ba su da mafita. Amsar da suke ba ka kuwa ta ladabi ce. Mai tafiya ba ya son ya ɓata da kai, yana iya buƙatar shaidarka gobe, don haka ba zai gaya maka sunan wanda ya kore shi ba.

Ka ɗauki takarda ka jera sunayen duk waɗanda suka tafi a shekaru biyun nan, ka rubuta a gefen kowane suna wanda yake shugabantar sa kai tsaye. Sau da yawa za ka ga sunan mutum ɗaya ko biyu yana ta maimaituwa. Kamfanin bincike na Gallup ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na bambancin da ake samu tsakanin rukunin ma'aikata wajen sa zuciya a aiki yana komawa ne ga manajansu, ya kuma ƙiyasta cewa maye gurbin ma'aikaci guda yana cin daga rabin albashinsa na shekara zuwa ninki biyu, idan aka haɗa neman sabo da horar da shi da aikin da ya tsaya. To idan manajan da kake ji da shi saboda yana kawo ciniki shi ne ya kori mutum biyar, sai ka sake lissafin ribar da yake kawo maka.

Ka kuma shirya wa yiwuwar cewa sunan da zai maimaitu naka ne, ko kuma tsarin da kai ka shimfiɗa. A Faransa, shugabannin kamfanin sadarwa na France Télécom sun ƙuduri rage ma'aikata 22,000 ta hanyar ƙuntata musu da sauye-sauyen wurin aiki da matsin lamba har su tafi da kansu, kuma ma'aikata 35 suka kashe kansu a tsakanin 2008 da 2009. A watan Disamba na 2019 kotu ta samu kamfanin da tsohon shugabansa Didier Lombard da laifin tsangwamar ma'aikata, duk da cewa bai taɓa haɗuwa da mafi yawansu ba, domin kotu ta ga cewa tsarin da aka tsara daga sama shi ne ya cutar da su. Na san kamfaninka bai kama hanyar wannan ba, na kawo shi ne don ka ga nauyin yana hawa har kan mai gida.

Kada ka jira sai mutum ya kawo takardar ajiye aiki kafin ka tambaye shi damuwarsa. Ka zauna da waɗanda suke nan, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da manajansu ba, ka tambaye su abin da zai sa su tafi da abin da zai sa su zauna. Da farko ba za su gaya maka komai ba, domin suna jira su ga abin da zai samu wanda ya fara magana. Idan na farkon ya faɗi abin da ba ka so ji ba, ka gode masa, ka gyara abu ɗaya daga cikin abin da ya faɗa a cikin makon, ka kuma tabbatar babu wanda ya taɓa shi saboda ya yi magana. Waɗanda suka tafi fiye da wata shida da suka wuce su ma ka kira su, domin yanzu sun zauna a sabon wurinsu kuma ba su da abin tsoro a wurinka, za su iya gaya maka abin da suka ɓoye ranar da suke sallama.