Tambaya da Amsa: Jirgin ruwan haya a Ingila

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni direba ne a Aboabo nan Kumasi. Dana dake Birmingham ya dauko mana hayar siririn jirgin ruwa na yawon hutu, yace ni zan tuka. To naji ance akwai wuraren da ake shiga da jirgin a rufe kofa ruwa ya daga shi ko ya sauke shi, kuma wurin matsattse ne. Yaya zanyi?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Wurin nan lok suke ce masa, matsattsen cikinsu fadinsa kafa 7 ne, jirgin kuma kafa 6 da inci 10, kaga inci biyu kacal ya rage. Ba sai da lasin ba, masu hayar zasu nuna maka kafin ka tashi, kuma gudun baya wuce mil 4 a awa.

Babu birki, ribas ne birkinka, kuma in kana ribas jirgin baya jin tuki sosai. Sandar tukin irin ta injin kwale-kwalen Yeji ce, ka tura hagu jirgi yayi dama. Jirgin daga tsakiyarsa yake juyawa, gaba na shiga baya na fita, don haka ka mike shi tun daga nesa ka shiga a hankali, in ya dan gogi bango ba komai, amma don Allah kar wani yasa hannu ko kafa ya tare shi, karfe ne mai nauyin tan da yawa.

Abin da nafi so ka rike shine lokacin da ruwa ke sauke jirgin a cikin lok. Karkashin kofar da ka shigo akwai dakali boye cikin ruwa, sun shata farin layi a bakin lok din don nuna iyakarsa. In bayan jirgin ya hau dakalin nan ruwa na raguwa, gaba zai nutse, kuma cikin dan lokaci ne wallahi. Ka matsa gaba da layin, idonka a baya, kar a daure igiya. Da kaga jirgi ya fara karkata kayi wa danka ihu ya rufe mashiga da mafitar ruwan duka, sannan a kara ruwa kadan kadan har ya taso.

In kun hadu da wani jirgi ka rike dama yadda muke yi a Ghana, ba hagu irin titin Ingila ba. Allah ya kiyaye hanya.