Tambaya da Amsa: Rayuwar mutanen Inuit a yankin ƙanƙara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin sanyi da ake ajiye kifi a Ijora, kuma idan na daɗe a ciki sai yatsuna su ƙage. Na ga wasu mutane a talabijin da ake kira Inuit, an ce ƙasarsu duk ƙanƙara ce. Shin gaskiya ne a ɗakin ƙanƙara suke kwana, suna cin ɗanyen nama? Sanyin nan ba ya sa musu cuta? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Mutanen Inuit suna zaune a can ƙuryar arewacin duniya, a Girinland da arewacin Kanada da Alaska da kuma wani gefe na Rasha. A Kanada kaɗai ƙidayar 2021 ta nuna sun ɗan haura 70,000, kuma tun ranar 1 ga Afrilu 1999 suke da yankinsu na mulki mai suna Nunavut, wanda Iqaluit ce hedikwatarsa. A tsakiyar hunturu sanyi a garin yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili.

Ɗakin ƙanƙarar da ka gani, wato iglu, gaskiya ne, amma a yau mafarauta ne suke gina shi idan dare ya riske su a hanya, jama'a kuwa a gidajen katako suke. Abin da ke ɗumama iglu a da shi ne wata fitilar dutse mai siffar rabin wata da suke kira qulliq, wadda ake zuba wa kitsen dabbar teku, a jera lagwani na busasshiyar ciyawa a bakinta, uwargida tana gyara harshen wutar da ɗan tsinke don kada ta yi hayaƙi. Da ita ake dafuwa, ake narka ruwan sha, ake shanya tufafin fata. Ɗanyen nama ma suna ci, kuma akwai hikima a ciki, domin ƙasar ba ta noma, fatar babban kifin nan na wel da ɗanyar hanta su ne suke ba su sinadarin da mu muke samu a lemo da tumatir.

Kan batun cuta ne nake so ka tsaya da kyau, domin abin da ya fi addabarsu shi ne tarin fuka, kuma ƙwayar cuta ce take kawo shi, tana bin iska daga mai tari zuwa na kusa da shi. A 2016 yawan kamuwa da shi a yankunan Inuit na Kanada ya ninka na waɗanda aka haifa a Kanada amma ba daga ƙabilun asali na ƙasar ba fiye da sau 300. Tushen matsalar yana cikin tarihi. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce gwamnati ta tattara mutanen da suka saba yawon farauta cikin ƙananan iyalai, ta zaunar da su a garuruwa, ba tare da ta gina isassun gidaje ba. A shekarun 1950 da 1960 wani jirgin ruwa mai suna C.D. Howe yakan zagaya garuruwan yana gwada mutane, wanda aka samu da cutar a wuce da shi asibitocin kudancin Kanada, wani lokaci ko sallama da iyalinsa bai yi ba. Da yawa sun rasu a can, aka binne su, danginsu ba su san inda kabarinsu yake ba. Sai a Maris 2019 Firaministan Kanada na lokacin, Justin Trudeau, ya je Iqaluit ya nemi gafara, kuma a ganina gafarar ta yi latti ƙwarai ga uwar da ta mutu tana jiran labarin ɗanta.

Har yau ƙarancin gidaje bai kau ba, domin babu titin mota da ya haɗa garuruwan Nunavut 25 da juna ko da kudu, kayan gini sai jirgin ruwa ya kawo su a 'yan watannin da teku take narkewa. Iyali biyu ko uku sukan cunkushe a gida ɗaya, tagogi a rufe saboda sanyi, kamar dai yadda samari goma suke kwana a ɗaki guda a wasu unguwanninmu na Legas, mutum ɗaya ya yi tari kowa ya shaƙa. Tsadar abincin kanti, wanda yawanci jirgin sama yake kawowa, tana ƙara raunana jikin yara. A 2018 gwamnatin Kanada da ƙungiyar da ke wakiltar Inuit na ƙasar, Inuit Tapiriit Kanatami, sun yi alkawarin kawar da cutar daga yankunan Inuit kafin ƙarshen 2030.

Kai kuma, Malam, ka riƙa sa safar hannu da rigar sanyi a wurin aiki, kuma idan kai ko abokin ɗakinka ya yi tari fiye da mako biyu, ku je a gwada majina. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware masa, ana shan sa wata shida ba tare da fashi ba.