Amsa ga Kawu na Daura kan abincin makaranta a zangon Kumasi

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ka tambaya ko gaskiya ne mu Hausawan Gana mun sakar wa gwamnati ciyar da 'ya'yanmu, har ka ce wai daɗewa cikin Tonawa, wato mutanen Asante, ya rage mana kunya. Maganar ta yi mana zafi, ba zan ɓoye ba.

Shirin gwamnatin Gana na ciyar da 'yan makaranta ya fara ne a 2005, a zaɓaɓɓun makarantun gwamnati, daga rabin aji zuwa aji shida na firamare. Sau ɗaya ake ci, ranar karatu kaɗai. Sau da yawa shinkafa da wake ce, wadda 'yan ƙasar ke kira waakye, sunan da suka ara daga bakin kakanninmu fataken goro. Wata rana garin rogo da wake da manja. A kasafin 2025 aka ɗaga kuɗin yaro ɗaya daga sidi (kuɗin Gana) ɗaya da rabi zuwa sidi 2. Ku ma ai an yi muku irinsa daga 2016, naira 70 kan kowane ɗan aji ɗaya zuwa uku, ba wanda ya ce kun bar Hausanci.

Inda abin ke lalacewa wajen biya ne. Mai dafawa ita ke fara zuba kuɗinta, ko ta ɗauki shinkafa da mai bashi a kasuwa, sannan ta jira gwamnati. Kuɗin kan maƙale watanni, farashi kuma yana hawa. Sai ka ga ludayi ya ragu, miya ta yi ruwa, kifi da ƙwai sun ɓace. In tura ta kai bango masu dafawar su shiga yajin aiki, tukunya ta yi sanyi. Asabar da Lahadi da lokacin hutu kuwa dama babu.

To wane uba ne zai dogara da wannan? Koko da ƙosai na safe yana wuyansa, tuwon dare yana wuyansa, haka kuɗin makarantar allo. Amfanin kwanon makaranta shi ne yaron da ya fito da cikin wofi ba zai yi gyangyaɗi da hantsi ba, yarinya kuma ba za a cire ta a ɗora mata talla ba. Akwai iyaye masu sakaci a zango, ba mu musa ba, kuma limamai na tsawata musu.

Batun auren matan Asante ko Dagomba da ka kawo, Kawu, ba ruwansa da yunwa. 'Ya'yansu da Hausa suke tashi, suna durƙusawa su gai da babba. Abin da ke damunmu in mun zo gida shi ne ƙananan almajirai riƙe da roba a ƙofar gidajen Katsina bayan magariba, da wuya a ji an tambayi inda iyayensu suke. Mu kuwa kwano ɗaya na rana ya sa ana tambayar asalinmu.

A gai da Inna da mutanen gida.