Na sayar da kambin ƙofa 40 amma ban ga kuɗin ba, in ƙara inji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Bara na sayi injin yanka na Cricut Maker, ina yin kambin ganyen kaka, zoben adon nan da Amurkawa ke ratayawa a ƙofar gida idan ganyen bishiya ya fara ja yana zuba. Da yadin felti nake yanka ganyen. Kayan guda ɗaya suna cin mini kamar dala 9, ina sayarwa dala 28 a Etsy, kasuwar intanet ta kayan aikin hannu, kuɗin aikawa a kaina. Na sayar da 40 daga Satumba zuwa Nuwamba, ribata ke nan dala 760, amma da na duba asusu ban ga komai ba. Bana zan kwashi adashi, dala 2,000. Ina so in ƙara inji na biyu, in rage kwanakin aikina na kula da tsofaffi, don na ga mata a YouTube suna cewa da wannan sana'ar suka bar aiki. Wane inji ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ajiye maganar inji tukuna. Dala 760 ɗin da kike cigiya ba ɓata ta yi ba, ba ta taɓa shiga hannunki ba ne tun farko. Kin ɗebe kuɗin yadi daga kuɗin sayarwa, kin raɗa wa ragowar suna riba. Har kika gama kakar bara ba ki san nawa kambi ɗaya yake tsaya miki ba, kuma duk sauran matsalolin 'ya'yan wannan ne.

Ɗauko biro mu bi dala 28 ɗin nan. Etsy tana karɓar santi 20 na saka kaya a shago, kuma duk wanda aka saya sai ta sake karɓa. Tana cire kashi 6.5 cikin ɗari na cinikin, sannan kashi 3 cikin ɗari da santi 25 na karɓo miki kuɗin. A kan dala 28, wannan ya kama dala 3.11. Kwali da takardar cusawa da salatif, a ce dala 3. Gidan waya, in kin yi sa'a mai sayen ba a Kalifoniya yake ba, a ce dala 10. Gam, da lalacewar tabarmar danƙo da ake manna yadi a kai kafin ya shiga inji, da dakushewar reza, a ce dala ɗaya da rabi. Haɗa da dala 9 ta kaya: dala 26.61. Abin da ya saura miki a kowane kambi dala ɗaya ce da santi 39. Sau 40, dala 56 ke nan ba ta cika ba. In kina biyan kuɗin wata na Cricut Access, wato na amfani da zanukan kamfanin injin, kusan dala 10 duk wata, kuma ba ki tsayar da shi bayan Nuwamba ba, ya cinye wannan har ya taɓa albashinki. Ban ma tambaye ki guda nawa kika ba ƙawaye da matan gidan suna kyauta ba, don na san ba ki rubuta ba.

Duk wannan ba mu sa ladan hannunki ba. Zoben waya mai faɗin inci 14 kewayensa inci 44 ne. In ana so ya cika, layi biyu zuwa uku, ganye na hawa kan ganye, sai an zuba ganye wajen 80 masu tsawon inci 3 zuwa 4. Falle ɗaya na inci 12 da 12 yana ba da kamar goma, yanka takwas ke nan. Kowane ganye sai kin ɗiga masa gam a gindi, ki matse shi ya yi ƙwarya, ki riƙe ya kama, sannan ki manna a zobe. Minti ɗaya-ɗaya ma ya ba ki minti 80. Ƙara naɗe zoben da ƙyalle, ɓamɓare ganye daga tabarma, ɗaukar hoto, amsa saƙon masu saye, ɗaure kwali, layin gidan waya. Awa biyu da rabi, kuma na yi miki sassauci. Awa ɗari kika yi bara a kan dala 56. A aikin kula da tsofaffin da kike son ragewa, ba kya yin rabin yini ba ki wuce haka ba.

To ki duba inda lokacin yake tafiya. Injin yakan gama fallensa cikin 'yan mintuna ya zauna yana kallonki kina fama da bindigar gam. In kin sayi na biyu, injuna biyu ne za su zauna suna kallonki. Matan da kike gani a bidiyo kuwa, da yawansu kuɗin talla suke ci da kamashon injin da ake saye ta mahaɗin da suke liƙawa a ƙarƙashin bidiyon. Ke ce kasuwarsu. Kallon kitse kike yi wa rogo.

Farashin gaskiya na irin kambin da kike yi ga shi. Kaya, gam da kwali dala 13.50. Aiki awa biyu da rabi a kan dala 15, dala 37.50. Aikawa dala 10. Jimla 61, in aka ɗora rabon Etsy ya zama kusan dala 68, kuma a nan ladan aiki kawai kika samu, uwar kuɗin injin ba ta fara dawowa ba. Na san abin da za ki ce, wa zai saya a haka alhali manyan 'yan kasuwar kayan ado irin su Michaels da Hobby Lobby sun cika kantunansu da na roba? Ai a nan take. Waɗannan suna fito da kayan kaka tun ana tsakiyar zafi, su zaftare farashi kafin lokacin ya wuce. Mai aikin hannu da ya shiga tseren araha da su ya ɗauko aikin baban giwa. Ko dai ki samu masu sayen da ke biyan aikin hannu, ko ki sauko da awa biyu da rabi zuwa awa ɗaya. In kin iya na biyun, dala 43 zuwa 45 ta fitar da ke.

Saukar da lokacin daga zane yake farawa. Bar cikakken zobe. Ɗauki siririn zoben ƙarfe ko na katako mai inci 12, ki yi wa kashi ɗaya cikin uku ado da ganye 28 zuwa 30, sauran ki bar shi fili. Ya fi sauƙin nauyi, kwalinsa ƙarami, kuma yana da masu so. Rage ganye mai yatsu da tsini da yawa. Rezar nan mai juyawa kamar taya, wadda ke yanka felti ba sai an manna masa komai a baya ba, a kowace kusurwa sai ta ɗaga ta juya ta sauka, nan lokaci ke tafiya, nan kuma yadi ke yagewa. Duk abin da bai kai kashi uku cikin huɗu na inci ba, kada ki ba ta. Ganye mai santsin gefe guda 24, masu tsini 5 ko 6 a sama don ido, ya wadatar. Ki jera ganyen da hannunki a manhajar injin, Design Space, kai da ƙafa, ki haɗe su wuri ɗaya kafin ki tura, in ba haka ba manhajar za ta baje su yadda ta ga dama ta bar miki yadi a banza. Ki koma tabarma mai inci 12 da 24, guda biyu, ɗaya na cikin inji kina ɓamɓare ɗaya. Kuma ki yi aikin kashi-kashi: yankan kambi goma a zama ɗaya, matsewa a zama na biyu, mannawa a na uku.

Felti mai araha na roba zalla yana miƙewa a ƙarƙashin reza, yana barin gashi a tabarmar nan mai ruwan hoda, bayan 'yan yanka kaɗan danƙon ya mutu, yadi ya zame ana tsakiyar yanka, falle ya tafi shara. Mai gaurayen ulu ya fi tsada amma bakinsa na fita tas. Ki danne shi da abin murzawa kafin ya shiga inji. Fallen da ya lalace shi ma kuɗi ne, a rubuta shi.

Kwali ma lissafi gare shi, don kamfanonin aikawa ba nauyi kaɗai suke dubawa ba, har girma. Kwali mai inci 18 da 18 da 5, in kin ninka, 1,620 ne. FedEx tana raba wannan da 139, ta caje ki kuɗin laba 12 a kan abin da bai kai laba 2 ba. Gidan wayan Amurka ba ya fara irin wannan lissafin sai kwali ya haura 1,728. Ƙara inci ɗaya kacal a zurfi, 18 da 18 da 6, kin kai 1,944, kin faɗa ciki. Ƙaramin zoben da na ce yana shiga 14 da 14 da 4. In tunanin sayar da yankakken ganye a ambulan ya zo miki, don mai saye ya haɗa da kansa, dabara ce mai kyau, sai dai da zanenki ko wanda kika sayi lasisin kasuwancinsa. Ƙa'idar Cricut ta yarda a sayar da kammalallen kaya da aka yi da hotunanta, ban da yankakku da ba a haɗa ba, ban da kuma irin na Disney.

Ga abin da yakan kayar da masu wannan sana'a, kuma kusan kullum salonsa ɗaya. Mai saye ta rataya kambin tsakanin ƙofar katako da ƙofar gilashin da ke gabanta. Rana ta bugi gilashin, wurin ya zama tanda ko a watan Oktoba, gam ya saki, ganye ya zubo a dokin ƙofa. Sai ga hoto a saƙo, a mayar mata da kuɗinta, ta bar tauraro ɗaya a shago. A farashinki na bara, mayarwa ɗaya ta share ribar kambi ashirin. Ki rubuta ɓaro-ɓaro a bayanin kaya cewa na cikin gida ne ko ƙofa mai rumfa, ba a sa shi bayan gilashi, kuma manyan ganyen ki ɗaure su da siririyar waya bayan gam.

Yanzu littafi. Buɗe asusu daban wanda kuɗin cefane ba ya shiga ba ya fita. Kowane kambi layinsa guda: ranar da aka saya, abin da Etsy ta turo bayan ta cire nata, kuɗin aikawa na ainihi daga rasit, kaya, da mintunan da agogon wayarki ya nuna, ba waɗanda zuciyarki ta kintata ba. Na kyauta ma layinsa guda, a rubuta sifiri a gurbin kuɗi. Rasit kuma a adana, don a Amurka ribar sana'ar kai da ta kai dala 400 a shekara sai an bayyana ta ga hukumar haraji, kuma abin da ba ki da shaidarsa ba za ki iya cire shi a matsayin kuɗin da kika kashe ba.

Adashin nan, in ba ke ce ta ƙarshe a layi ba, bashi ne, zubi na jiranki ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Kasuwar kambin kaka kuma 'yar wata uku ce. Da an ci bikin Thanksgiving, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, ƙofofi sun koma adon Kirsimeti, abin da ya kwana a hannunki sai baɗi. Ba a rage aikin albashi saboda ita. Cire dala 200 kawai, ki yi ƙananan guda goma, ki saka su a shago tun watan Agusta a kan dala 45, sauran dala 1,800 kada ki taɓa. In Satumba ta ƙare kin sayar da bakwai kuma agogo ya nuna awa ɗaya, ki yi goma na biyu da kuɗin na farko. In uku ko ƙasa da haka suka fita, ki tsaya nan, ki juya injin kan adon Ramadan da Sallah da sunan jariri na saman kek ga matan unguwarku, inda babu kwali babu gidan waya. Can kuma rabin kuɗi kafin ki sa reza a yadi, ko da ɗiyar yayarki ce.