Sulken Kakanmu: In Sayar Ko In Kai Gidan Tarihi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Auyo, jihar Jigawa. Cikin adakar da mahaifinmu ya bari akwai sulke da kwalkwali da takobi, ya ce da su kakansa ya fita ranar da Turawa suka yaƙi Haɗeja. Wani dillali ya zo har sau biyu, ya taya su kuɗin da zai saya mini shanun huɗa. Sai kuma na ji a rediyo mutanen Kambodiya suna murna an mayar musu da kayan tarihinsu, wasu ma kyauta aka ba su. In sayar, ko in yi irin tasu?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabata. Ɗan'uwa, kada ka sayar wa wannan mutumin.

Abin da ka ji gaskiya ne. Kambodiya ta sha yaƙin basasa, sannan 'yan gurguzun da ake kira Khmer Rouge suka mulke ta daga 1975 zuwa 1979, aka rasa rayuka kusan miliyan biyu. A cikin wannan hargitsi ɓarayi suka riƙa shiga tsofaffin wuraren ibada na Angkor da Koh Ker, suna sare mutum-mutumin dutse ta idon sawu, su tsallaka da su Tailan. Wani dillali ɗan Ingila da ke zaune a Bankok, Douglas Latchford, shi ya shahara da sayar da su. Amurka ta tuhume shi a 2019, ya mutu a 2020 kafin shari'a, 'yarsa kuma ta amince ta mayar wa Kambodiya kayan da ya tara, fiye da guda ɗari.

Ga inda labarin ya fi taɓa ni. Da aka fito da wani mutum-mutumi na ƙarni na 10 gwanjo a New York a 2011, sai masana suka gwada shi da ƙafafun da ɓarayi suka bari a kan dakalinsa a Koh Ker, suka dace. Waɗannan ƙafafu su suka zama shaida, a 2014 mutum-mutumin ya koma gida. To, sulkenka ma yana da nasa ƙafafun, su ne sunan kakanku, da ƙauyenku, da yaƙin 1906 da Sarkin Haɗeja Muhammadu ya rasu a cikinsa. Dillali ƙarfen zai ɗauka, ya bar labarin a tsakar gidanku, kuma da wuya su sake haɗuwa. Dokar Najeriya ma ta hana fitar da irin wannan kaya ƙasar waje ba tare da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ba.

Na san shanun huɗa ba abin rainawa ba ne, ni ma ɗan manomi ne, na san wahalar da fartanya ke ba ƙugu. Amma kayan nan gado ne, ba naka ne kai kaɗai ba. Tara magada, mata da maza, ku yi shawara. Ka nemi dattijon da ya fi kowa tsufa a danginku, a sa yaro ya naɗi muryarsa a waya, a rubuta duk abin da ya tuna, a ɗauki hoton kowane abu.

In kun yarda ku bayar, ku fara da fadar Haɗeja, ko ku je Gidan Makama a Kano. Ku tambaya ko za su karɓa a matsayin aro in ba ku son rabuwa da su ɗungurungum, kuma kada ku baro wurin sai da takarda mai sa hannu, wadda ta lissafa kayan da sunan gidanku.

Kafin nan, kada a goge tsatsar da yashi ko toka. A naɗe su da tsumma busasshe, a ɗaga adakar daga ƙasa kafin damina ta sauka.